Jinjina Ga Ofishin Tabbatar Da Wasiyya

A gaishe da ofishin tabbatar da wasiyya na Babbar Kotun jiha, makarantar koyon haƙuri da ba ta yaye ɗalibi da wuri. Bawan Allah ya tara abinsa da guminsa, ya je wurin lauya ya rubuta wa zai ɗauki me, shaidu biyu suka sa hannu a gabansa kamar yadda dokar wasiyya ta Ingila ta 1837 ta shimfiɗa, wadda muka gada muka riƙe gam. Ya cika hankalinsa kwance, a zatonsa ya raba gardama. Allah sarki!

Banki na jin labarin rasuwar sai ya kulle asusu, tsabar tausayin marayu, kada kuɗin ubansu ya lalata su. Kuɗin makaranta da na haya da bashin asibiti duk sa jira, ai ba gudu za su yi ba. Wasiyyi kuwa ya ɗauki takardar shaidar mutuwa ya nufi kotu. A sa ranar buɗe wasiyya a karanta wa dangi, a miƙa masa fam ya zaga bankuna su rubuta abin da mamaci ya bari, ya lissafo gidaje da filaye da hannayen jari, a yi musu ƙima.

Ga inda gwanintar take. Kafin a ba shi takardar izinin taɓa dukiyar, sai ya biya gwamnati kasonta, a Legas kashi 10 cikin ɗari. Da wane kuɗi? Na mamacin ai suna kulle, kuma ba za a buɗe ba sai da wannan takardar. To, ya je ya ciwo bashi, ko matar mamaci ta sayar da 'yan kunnenta, tunda tana takaba, ba kwalliya za ta yi ba. Wanda ya tsara wannan ya cancanci lambar girma ta ƙasa.

Wajen raya zumunci ma babu kamar wannan ofishi. Duk mai ganin yana da haƙƙi, har ɗan da ba a san da shi ba sai ranar sadakar uku, yana iya shigar da takardar hana ba da izini, komai ya tsaya cik. 'Yan uba da suka shekara ba sa ga maciji sai ga su benci ɗaya duk ranar zama, alƙali ya ɗage, su sake haɗuwa. Ko Rotimi Williams, wanda ya zama babban lauyan Najeriya mai lambar SAN tun 1975, da ya rasu a 2005 'ya'yansa sun kwashi shekaru suna shan wannan albarka a kotu a kan dukiyarsa. In gidan mai doka ya samu rabonsa, wane ne kai da za a hana naka?

Don haka mai karatu, in kana da abin bari, rubuta wasiyyarka, amma ka ware wa lauyoyi kasonsu tun yanzu. Ko ba ka sa sunansu ba, da su za a ci gadonka.