Samarin Mando da Takardar Gudummawa

Masu kula da gidajen tarihi sun daɗe a kan tafarki guda idan aljihu ya yi sanyi, wato su kira taron gidauniya, su gayyato attajiri mai furfura ya zama babban mai ƙaddamarwa, ya ambaci adadi mai nauyi a lasifika, a yi tafi, a watse. Amma da yake furfura ba ta dawwama, kuma abin da aka ambata a lasifika ba kullum yake isa banki ba, sai masu hangen nesa suka ce a waiwayi samari, tunda su za su gaji kayan. Shawara ce mai fa'ida. Sai dai duk wanda zai ɗauki takarda ya shiga unguwar Mando a Kaduna, tun daga tasha zuwa sansanin alhazai har ya miƙi hanyar Afaka, yana roƙo domin Gidan Tarihi na Ƙasa da aka buɗe a titin Ali Akilu a 1975, a tsohuwar hedikwatar jam'iyyar NPC, ko domin Arewa House, gidan Sardauna da aka mayar cibiyar bincike a 1970, wajibi ne ya san ɗabi'un waɗanda zai tarar.

Wanda zai fara tarbarsa shi ne Mai Alkawari, saurayi mai fara'a, wanda tun ba a gama bayani ba zai karɓi biro ya rubuta naira dubu hamsin, ya ce in Allah ya yarda ƙarshen wata, alhali bai fayyace wane wata ba, kuma ba a san ko da hijira yake lissafi ko da miladiyya ba. Ƙanensa a sana'a shi ne Na-Tura, wanda zai karɓi lambar asusu, ya daddanna waya, ya haska maka fuskarta da sauri, ya ce, "Yallaɓai, ya fita daga wajena, netwok ne ya riƙe."

Ustazu kuwa sha'aninsa yana bukatar zama. Zai saurare ka da ladabi, hannu a gemu, sannan ya ce, "Malam, waɗannan kawunan yumɓu na Nok, ba gumaka ba ne?" Za ka gaya masa cewa masu haƙar kuza ne suka tono su, cewa Bernard Fagg ya fara nazarinsu a cikin shekarun 1940, cewa sun haura shekara 2,000, kuma babu mai yi musu sujada yau sai mai share ƙurar da ke ƙarƙashinsu, shi kuma zai buɗe maka babin hukuncin sura, ya kawo saɓanin malamai tsakanin mai inuwa da marar inuwa, har la'asar ta riske ku a tsaye. A ganina kada a gaji da shi, domin tambayarsa ta gaskiya ce, kuma amsarta tana nan a Arewa House da ke titin Rabah, inda aka adana rubuce-rubucen hannu na Larabci da ajami waɗanda malaman ƙasar nan suka bari. Ranar da ya ga tawadar magabata a kan takardar da gara ke hari, zai ba da abin da ya samu da niyyar wakafi, bisa sharaɗin kada kwabo ɗaya ya taɓa yumɓu. A karɓi sharaɗin, a kuma cika shi.

Akwai Mai Hoto, namiji ko mace, wanda ba ya miƙa dubu biyu sai abokinsa ya daidaita waya, an sake miƙawa sau uku saboda hasken rana bai zauna a kan shaddar ba, kafin magariba kuma Facebook da TikTok sun shaida cewa ya ceto tarihin Arewa. Malamai sun yi gargaɗi mai tsanani a kan riya, ni ma ba na musu. Amma hukuncin niyyarsa yana wurin Allah, kuɗinsa yana wurin ma'aji, hotonsa kuma ya nuna wa abokansa ƙofar da da yawansu ba su san da ita ba.

Ina-Gwamnati yana zaune a teburin mai shayi. Ya san an kafa hukumar gidajen tarihi ta ƙasa a 1979, ya san kasafin kuɗi, ya san laifin kowa, zai kuma yi maka huɗuba mai hujjoji wadda a ƙarshenta kai za ka biya shayinsa da ƙwai. Kusa da shi Magajin Takobi, wanda zai ja ka gefe ya raɗa maka cewa takobin kakansa ya halarci yaƙin Burmi a 1903, yana nan ƙarƙashin gado, nawa gidan tarihi zai saya? Ka fito roƙo, ga ka ana ciniki da kai.

Saura mutum ɗaya, wanda ba shi da laƙabi domin ba ya surutu: direban Keke Napep a bakin shataletale, wanda malaminsu na firamare ya taɓa kai su gidan tarihin cikin layi, suka ga sulke da tambura da masaƙa tana aiki, abin bai fita daga ransa ba. Zai zaro ɗari biyar da ta sha gumi daga aljihun gaba, ya miƙe ta a kan gwiwarsa, ya nemi rasidi, sannan ya yi tambayar da babban mai ƙaddamarwa bai taɓa yi ba, wato ko za ka dawo wata mai zuwa. Bambancinsa da sauran guda ne: ya taɓa shiga ɗakin da ake roƙo dominsa, su kuwa yawancinsu ta gilashin mota suke ganin katangar.

Don haka, ya ku masu gidauniya, kafin ku buga katin gayyata, ku ɗauki shatar bas biyu a tashar Mando ranar Asabar, ku kai samarin nan su gani da idonsu, har da Ustazu da Na-Tura, kuma ku tafi da littafin rasidi.