Daga Ƙasar Taliya, Zuwa Ga Sarauniyar Man Gyaɗa



Zuwa ga taubashiyata, baiwar gidanmu. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kina lafiya, ke da maigidan da yara da Inna. Mu nan lafiya lau, sai sanyin Nuwamba da ya fara leƙowa ta ƙarƙashin ƙofa.

Saƙon muryarki ya iso, duk minti goma sha ɗayansa. Minti tara kin ƙarar da su a kan tsadar shinkafa da bikin da kika je ba a ba ki kujera ba. Sauran biyun ne suka zaunar da ni rubutu: wai kin ji a gidan suna man zaitun na maganin sankarar mama, don haka in aiko miki da jarka. Jarka! Bayan farin da aka yi a Sifaniya a 2022 da 2023 farashi ya yi tashin gwauron zabo, har litar mai kyau ta haura yuro goma a kanti. Kwalba ɗaya za ki samu, ita ce kuma kuɗin shararki na bana.

Garinmu Andiriya yana jihar Fuliya, a diddigen takalmin nan da kike gani a taswirar Italiya, kuma babu jihar da ta kai ta yawan man zaitun a ƙasar. Babban birninta sunansa Bari. Duk sanda na ga allon a bakin titi sai na tuna da ke, in ce ga garin da ya kamata a kawo ki ko kya rage surutu.

Yanzu kakar zaitun ce, maigidana ma a matatsa yake aiki, sai dare yake shigowa yana ƙamshin ɗanyar ciyawa. Ana shimfiɗa raga a gindin bishiya, inji ya kama ta ya girgiza, a kwashe a kai matatsa kafin a kwana. Babu suya, babu murza da ruwan zafi irin naki na ƙuli-ƙuli. Niƙewa ake yi har da ƙwallon, a tace, kuma in ana so a rubuta a kwalba cewa tatsar sanyi ce, dole zafin ya tsaya ƙasa da digiri 27. Man yana fitowa kore shar. Irin zaitun ɗin wannan yankin, Koratina, yana da ɗaci, yana kuma kama maƙogwaro har mutum ya yi tari. Ke da a ba ki, cewa za ki yi ya lalace a mayar wa mai shi. Su kuwa tarin nan suke saye da tsada. Wani masani Ba'amurke, Gary Beauchamp, ya ɗanɗana sabon mai a tsibirin Sisili ya ji yana yi masa kaikayin maƙogwaro irin na maganin ibuprofen. Ya bi diddigi da abokan aikinsa, a 2005 suka bayyana sinadarin da ke jawo hakan, suka raɗa masa suna oliyokantal, suka nuna yana taɓa hanyoyin kumburi a jiki kamar yadda maganin yake yi.

Abin da ya fi ba ni mamaki da na zo shi ne matsayin man. A gida, man zaitun ɗan kwalba ne da ake saye a shagon magungunan Musulunci tare da habbatus sauda, a ɓoye shi a ƙarƙashin gado, a lasa da tsinken cokali. Mun san albarkarsa tun daga Suratut Tin da Suratun Nur, sai girmamawar ta hana mu cinsa. A nan kan tebur yake kwana, kusa da gishiri.

Maƙwabciyarmu wata tsohuwa ce da kowa ke ce wa Nonna, wato Kaka. Ta haura tamanin, tana hawa bene da kayan cefane ba ta haki. Ita ta koya mini girkinsu, kuma da kin gani da kin ce abincin talakan ƙauyenmu ne ya sa hula. Akwai wanda suke dafa busasshen wake mai faɗi har ya narke kamar fate, a kawo shi da dafaffen ganye mai ɗaci kamar shuwaka, a kwarara ɗanyen mai a kai. Akwai wata taliya da mata ke murzawa da wuƙa da babban yatsa, orekiyette, ma'anarta ƙananan kunnuwa. A tsohon garin Bari za ki gan su zaune a ƙofar gida suna yinta suna hira, tamkar masu saka ɗanwake. Da ganye ake dafa ta, da tafarnuwa da ɗan ƙaramin kifi da barkono. In dare ya yi babu komai a gida, sai taliya da mai da tafarnuwa da barkono kawai, ƙanwar taliyarmu da mai da yaji ta ƙofar makaranta. Nama kuwa sai ran Lahadi ko in an yi baƙi. Idan an sauke tukunya, sukan ce a zuba "zare" ɗaya na mai. Zaren Nonna igiyar guga ce.

To, ga amsar tambayarki, ki ajiye wayar ki saurara. Maganar da kika ji tana da tushe, amma an ƙara mata gishiri a hanya. An yi wani babban bincike a Sifaniya mai suna PREDIMED. A cikinsa akwai mata 4,282 masu shekara 60 zuwa 80, aka kasa su uku. Kashi ɗaya suna cin abincin gargajiyar bakin Bahar Rum ana ba gidansu litar man zaitun na tatsar farko duk mako, kashi na biyu abinci iri ɗaya amma da 'ya'yan itace masu ɓawo dangin gyaɗa, na uku aka ba su shawarar rage maiƙo. Bayan kusan shekara biyar, a 2015, aka fitar da sakamako: masu man zaitun sun fi masu rage maiƙo ƙarancin kamuwa da sankarar mama da kashi 68 cikin ɗari. Na san nan za ki yi guɗa, amma dakata. Duka-duka mata 35 ne suka kamu a cikin dubban nan, adadi ne ƙarami, kuma masu binciken da kansu sun ce sai an ƙara nazari mai tsawo kafin a yanke hukunci. Sannan matan nan ba shan man suka yi da cokali a kan cimar da suka saba ba. Tare da wake da ganye da kifi da 'ya'yan itatuwa suka ci shi, shekara da shekaru. Kuma magana ce ta rage haɗari ga mai lafiya. Babu wanda ya ce yana narkar da ƙullutun da ya riga ya fito.

Maganar ƙullutun nan ce ta hana ni barci ranar da na ji saƙonki, don Goggo ce ta faɗo mini. Kin tuna yadda ta ɓoye abin fiye da shekara, tana shafa mai da tofi da saiwoyi, saboda kunya da tsoron wuƙa, har sai da wari ya tona asiri. Ranar da aka kai ta asibiti, likita kallon su Baba kawai ya yi. Allah ya jiƙanta, ya sa ciwon ya zama kaffara. Ba na so in sake amsa irin wannan waya ina nesa.

Matan nan da suka tashi cikin man zaitun tun suna goye, su ma suna kamuwa. Sankarar mama ce kan gaba a cikin sankarar matan Italiya, sama da dubu hamsin duk shekara. Amma kusan tara cikin goma suna raye bayan shekara biyar da gano ta, don da wuri ake ganowa. Mace in ta cika 50, wasiƙa ke zuwa mata har gida duk shekara biyu, ta je a ɗauki hoton mamanta kyauta, har ta kai 69. Nonna ta ce tana cin faten wakenta ta goge baki ta tafi, ba ta taɓa tsallake kira ba. Tsoron wuƙar ma wani likitan Milan, Umberto Veronesi, ya rage shi tun 1981, da ya nuna cewa idan ƙarin ƙarami ne, a cire sashen da ya kamu a bi da gashin haske yana ceton rai daidai da yanke maman gaba ɗaya. Wadda ta zo da wuri ita ke samun wannan zaɓin.

Ke kuma kada ki raina tukunyarki. Man gyaɗarki, wanda kike cika mana baki da shi tun muna 'yan mata, kusan rabinsa irin maiƙon da ya fi yawa a man zaitun ne. Kina da wake, da zogale, da rama, da yakuwa. Ki rage soye-soye a man da aka maimaita sau biyar, ki rage lemon kwalba, ki riƙa zuwa kasuwa da ƙafa ki bar ɗan adaidaita ya huta da cinikinki. Shayar da yara biyar da kika yi ma yana cikin abin da likitoci suka tabbatar yana rage haɗarin, ga shi kin samu abin yi mini gori. Sannan duk wata, bayan kin yi wankan tsarki da 'yan kwanaki, ki tsaya gaban madubin da kike ɓata awa guda kina ɗaura ɗankwali, ki duba, ki lalluba har hammata. In kin ji gudaji, ko fata ta lotsa, ko kan ya shige ciki, ko jini na fita, ki nufi babban asibiti a makon. Yawancin ƙullutu ba sankara ba ne, amma likita ne zai faɗa, ba matan gidan suna ba.

Kwalbar na hannun mai zuwa ƙarshen wata. Baƙa ce da gangan, don haske da zafi na kashe man, saboda haka kada ki ajiye ta kusa da murhu, kada kuma ki jera ta cikin kabad da tangaran ɗin aurenki don baƙi su gani. Ki cinye ta cikin 'yan watanni, ɗanya, a kan kwaɗon zogale ko ɗanwake. Na gwada wa Nonna ɗanwake da shi, ta cinye ta miƙo kwano, har tana tambayar abin da ya sa shi santsi. Don haka ki aiko da kuka da kanwa da daddawa, ki ɗaure daddawar da kyau saboda karnukan filin jirgi.

Kwalba ta biyu tana nan na ware, amma ba za ta taso ba sai na ga hoton katin asibiti guda biyu, naki da na Yaya Babba, tunda ita ta haura hamsin. Ki gaishe da Inna, ki ce ina neman addu'a.

Uwar ɗakinki ta Andiriya.