Ranar Da Tablet Ta Daskare, Kowa Injiniya Ne

Idan kana son sanin yawan masanan da Allah ya albarkace mu da su, ba sai ka je jami'a ba. Zauna a majalisa bayan la'asar, ka ce tablet ɗinka ta daskare: hoto ya tsaya cak, ka danna ta ƙi motsi, ka so kashe ta ta ƙi mutuwa. Kafin ka rufe baki an fizge ta daga hannunka.

Na farko zai ce a cire batir. Sai a yi ta juya ta ana neman murfi, alhali batirinta a manne yake a ciki, ba irin na tsohuwar Nokia ba ne. Duk da haka sai ya zaro makullin babur ya ce a matsa masa. Na biyu kuwa da duka yake magani. Zai maka ta a tafin hannu, don haka yake yi wa rediyonsa tun zamanin Shagari. Na uku ya ce a binne ta a buhun shinkafa. Ka ce, "Alhaji, ai ba ruwa ta faɗa ba." Ya ce, "To, rigakafi fa?" Kamfanin Apple da kansa ya ce a daina wannan, don ɓurɓushin shinkafa na iya shiga ya yi ɓarna. Amma wa ya tambayi Apple?

A cikin gida kuma shari'ar daban ce. Goggo za ta ce baki ne: "Tun ranar da ka fito da ita gaban mutane na san za a rina." Yaran da suka wuni suna wasa da ita kuwa, kowa ya rantse ko kallonta bai yi ba.

Duk cikinsu ba mai cewa "ban sani ba". Wannan kalma ta fi kuɗin cefane wuyar fita daga bakinmu.

Maganin kuwa sau da yawa yatsu biyu ne da ɗan haƙuri. Idan Samsung ce, haɗa madannin kunnawa da na rage sauti, ka riƙe fiye da daƙiƙa 7. Idan iPad ce mai madanni a ƙasan fuska, haɗa shi da na sama har tambarin tuffa ya bayyana. Wadda ba ta da shi, taɓa madannin sautin da ya fi kusa da na sama, ka taɓa ɗayan, sannan ka riƙe na saman. Fire ta Amazon har daƙiƙa 40 take so. A nan ake kayar da mu. Mutumin da ke danna ham tun kafin danja ta saki, ina zai iya riƙe madanni daƙiƙa 40? Ya ƙirga uku ya saki, ya ce, "Ta mutu, sai haƙuri."

In ta ƙi, jona ta a caji kamar awa guda, da caja ta gari, ba wadda aka miƙo maka ta tagar mota a gosulo ba. Leƙa ramin cajin ma, wataƙila ƙura da zaren aljihu ne suka toshe shi.

Amma a'a, sai a garzaya kasuwar waya, inda wani mai gyaran, kafin ya karɓa ma, zai ce, "Yallaɓai, sai an yi filashin." Filashin kuma ya kwashe hotunan suna, da lambobi, da lissafin bashin da kake bi. Garin neman gira an rasa ido.

Abin da kan jawo daskarewar kuma, sau da yawa, cikar memori ce: bidiyon biki, da wa'azi, da furen barka da Juma'a da ya shigo ta guruf goma na WhatsApp. Don Allah 'yan uwa, a shiga a goge, a kuma kashe saukar bidiyo kai tsaye. Masu turo furen nan kuma, mun gani, mun gode, ya isa haka.