Ritaya: Gwandu ko Kalgo, da Batun Tarkace

Ma'aikacin gwamnati yakan ajiye aiki idan ya cika shekara 60 a duniya ko 35 a bakin aiki. A Birnin Kebbi, hedikwatar Jihar Kebbi tun 1991, abin da ke biyo baya shi ne muhawarar inda za a sauke kaya.

Mai zaɓen Gwandu yakan kafa hujja da tarihi: garin Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ne, hubbarensa na nan, ga dangi. Dangin nan kuwa sukan riga mai garatuti sanin ranar da za a biya shi. Mai zaɓen Kalgo lissafi ya yi. Yana kusa da Birni, asibiti kusa, kuma ranar tantance 'yan fansho kuɗin mota kaɗan ne. Tunda aka kafa Jami'ar Tarayya a 2013, ɗakin da ya ragu a gida ma yakan sami ɗalibi ɗan haya.

Ko ina aka zaɓa, rage kaya shi ne babban aiki. Maigida yakan yarda a kira 'yan gwangwan su auna matacciyar Vespa, amma fayil ɗin takardun ƙarin girma na zamanin tsohuwar Jihar Sakkwato ba mai taɓa shi sai gara. Ɗakin uwargida kuma yana da tasa dokar: kwalla, samira da kumbo, waɗanda ba a taɓa zuba musu tuwo ba, duk "na auren yara ne", ko da autar tana goyon ɗanta na uku. Akan kira dillaliya, a yi ciniki har la'asar, ta tafi da langa ɗaya, ta bar sabbin kuloli biyu bashi.