Masu Yi Wa Ayaba Sutura

Ranar Lahadin ƙarshe ta watan Oktoba ake mayar da agogon Ingila baya da awa ɗaya. Daga ranar, kafin biyar na yamma an yi magariba, kuma daga ranar ne hankalin duk mai gayauna a lambun da muke haya a gefen birnin Mancesta yake tashi. Tun watan Yuni muke ta yi wa juna burga da shuwaka da attarugu da ɗaɗɗoya, sai ka ce a Kadawa muke noman rani. To ga mai gari ya dawo. Dare ɗaya raɓa za ta daskare, ka wayi gari ka tarar da ganyen da ka yi wata biyar kana tarairaya ya yi baƙi ya langaɓe, kamar an dafa shi za a yi kwaɗo. Shekarata goma sha ɗaya cikin wannan wahala, kuma ko rantsuwa na yi ba zan yi kaffara ba: abin da sanyi ke kashewa bai kai abin da masu shukar ke kashewa da hannunsu ba.

Akwai Sarkin Gaggawa. Tun farkon Satumba, rana na ƙwallewa, ya kwashe tukwanensa ya kulle a gareji, kafin sanyin ya iso duhu ya gama da su. Ƙaninsa kuwa Malam Da-Saura ne. Duk abin da masu hasashen yanayi suka faɗa, amsarsa ɗaya ce: "Haba, ai da saura." Shi za ka gani ƙarfe ɗayan dare, daga shi sai jallabiya da silifas, tocila a baki, yana jan tukunyar lemun tsamin da ta fi shi nauyi. Duk shekara ranar tafiya yake fafe gora, duk shekara kuma sai ya yi mako yana jinyar baya.

Amma kaf lambun nan babu kamar Alhajin Ayaba.

Ayabarsa irin wadda ake kira ta Japan ce, wadda saiwarta ke jure sanyi ko da kututturen ya mutu. Ranar da ya ji cewa sunanta a wurin masana Musa basjoo, shi ke nan ta zama Malam Musa, kuma ba wanda ya isa ya ce mata ayaba a gabansa. Ranar suturta Malam Musa, wadda kan faɗo cikin Nuwamba, har hutu Alhaji yake ɗauka a wurin aiki. Ya sare ganyen, ya kewaye kututturen da ragar waya, ya cusa busasshiyar ciyawa, ya naɗe da farin mayafin nan na masu lambu, ya kifa leda a ka saboda ruwa. Iya nan littafi ya tsaya, Alhaji kuwa daga nan yake farawa. Sai tsohon bargo, sai suwaitar da ta yi wa ɗansa kaɗan, sai labulen falo. Wata shekara har da zanen gadon uwargida, abin da ya kai ga zaman sulhu. In ya gama, Malam Musa ya fi ƙofa tsawo, da ɗamara a ƙugu da wani abu kamar rawani a ka. Wanda ya shigo lambun da duku-duku sai ya yi masa sallama. Ni ma na taɓa yi, har na tsaya jiran amsa.

Duk Asabar sai Alhaji ya zo dubiya. Ya durƙusa cikin taɓo, ya zura hannu ta ƙasan bargo ya lalluba, ya yi jim.

"Alhaji, yaya mai jiki?"

"Da sauƙi, Malam. Shekaranjiya dai ya ɗan ji jiki."

Cikin watan Mayu ake buɗar kai, kuma gayya yake yi, har da shayi a filas. Ana yaye bargo ɗaya bayan ɗaya, ɓeraye suna ficewa da iyalansu, katantanwa marasa kwanso suna zubowa, can sai wari ya bugo. Tarin tsumman ya riƙe danshi wata shida, kututturen ya zama kamar ruɓaɓɓiyar albasa. Wani tsohon Bature maƙwabcinmu ya sha gaya masa ya rage bargon nan iska ta riƙa shiga. Alhaji yakan bari ya wuce sannan ya ce mini, "Shi da aka haifa cikin sanyin, me ya sani game da jin sanyi?"

A Disamban 2022, lokacin da ƙasar ta yi kusan kwana goma a daskare, har ma'auni ya sauka zuwa digiri 17.3 ƙasa da sifili a Braemar ta Sikotilan, Malam Musa ya kwanta dama da bargunansa duka. Mun je mun yi wa Alhaji gaisuwa ta sosai, har da mai cewa Allah Ya mayar da alheri. Sai ga 'ya'ya huɗu sun ɓullo daga gindin a watan Yuni. Alhaji ya raba dabino. Yanzu sutura huɗu yake yi, kuma har yau bai taɓa cin ayaba ɗaya daga wannan gida ba. Ba kuma zai ci ba, don irin nan ko ya yi 'ya'ya, ƙwallaye ne cike, ba sa ciwuwa. Na taɓa tuna masa haka, muka yi wata uku ba ma gaisawa.

Sai Hajiya Mai Buta, sarauniyar tausayi. Zogale in ya ji sanyi zubar da ganye yake yi ya kwanta barci, abin da yake so a bar shi a bushe, wuri mai ɗan ɗumi. Hajiya tana ganin ganye ya faɗi sai ta ce, "Wayyo, ƙishi yake ji." Ta ba shi ruwa da safe, ta ƙara da yamma, ranar Juma'a ta haɗa masa da taki. Kafin Janairu saiwar ta narke. Zogale bakwai ta yi wa haka a gabana, kuma har yanzu laifin ruwan famfon Turawa take gani.

Likitan Farce shi kullum sai ya kankare ɓawon reshe ya ga ko akwai kore a ciki. Yau a nan, gobe a can, kafin Maris ya feɗe itacen da ransa. Mai Saurin Jana'iza kuma da ya ga sanda tsirara a tukunya sai ya juye ta a juji. Akwai wata baiwar Allah da ba ta taɓa sayen shuka ba, jujinsa kawai take bi.

Tsohon Baturen nan da na ambata shi ɗariƙarsa daliya, furen nan da asalinsa na Meziko ne. Ba ya taɓa ta sai raɓar farko ta baƙanta ganyen. Sannan ya haƙe saiwar, mai kama da dankali, ya kifa ta ta tsane, ya naɗe kowace a jarida, ya rubuta mata suna. Shekara da shekaru ba ya ga maciji da mai gayaunar da ke kallon tasa, don shi wancan barin tasa yake yi a ƙasa ya tula mata taki a kai. Da ni kuwa maganarsa ɗaya ce a shekara. In ya ga na fito da attarugu a farkon Mayu, sai ya tsaya, ya dubi tukwanen, ya dubi sama, ya ce, "Ka yi wuri." Abin haushin, bai taɓa kuskure ba.

Akwai Malamin Lambobi, wanda ya haddace jadawalin jure sanyi na ƙungiyar masu lambu ta RHS tun daga H1 har H7. Ka nuna masa gawar shukarka, maimakon jaje sai ya ce, "Ai H2 ce, me kake tsammani?" Nasa lambun kabeji ne zalla. Akwai mai dawowa daga gida da reshen shuwaka cikin safa, alhali doka ta ce sai da takardar shaidar lafiyar tsiro. Tun daga Kano yake addu'a har ya wuce kwastan, ya iso gida ya tarar da reshen ya riga shi mutuwa. Akwai kuma jikan Sarkin Faransa. Shi dai Luwis na 14, da ya so lemu a ƙasar sanyi, katafaren zaure ya sa aka gina a fadar Versailles tsakanin 1684 da 1686, kuma har gobe ana shigar da itatuwa fiye da 1,000 ciki duk hunturu. Namu jikan rumfar gilashi gare shi wadda ba ta fi shagon mai shayi ba, amma hitar lantarki ba ta mutuwa daga Nuwamba zuwa Afrilu. Shekarar da kuɗin wuta ya yi tashin gwauron zabo, matarsa ta zauna da biro ta raba kuɗin da yawan attarugun da aka tsinka. Ta ce da naman rago suka saya da ya fi araha.

Wani kuma gidan gaba ɗaya yake mayarwa lambu. Shuwaka a tagar falo, citta a bayan firji, ɗaɗɗoya a kan talabijin, lalle a ɗakin yara ƙarƙashin wata fitila mai ruwan hoda wadda ta sa maƙwabta suka fara yi masa wani irin kallo. Bahon wanka kuwa gwaza ta gaje shi tun Oktoba, mutanen gida sai wanka a tsaye. Ƙananan ƙudajen ƙasar tukwane suna faɗa wa baƙi cikin shayi, shi kuma yana cewa ba sa cizo. Irin wannan mutum ba shi da ta ido ko kaɗan. Na san shi sosai, don ranar da uwargida ta tsaya a ƙofar banɗaki ta ce, "Malam, yau dai ko ni ko gwazar nan," ina wurin. Gwazar ta koma ƙarƙashin matakala.

Duk waɗannan na yafe musu, don kowa wahalarsa yake sha da kuɗinsa da bayansa. Wanda ban yafe wa ba shi ne Mai Ajiya.

Ba ya zuwa sai ƙarshen Nuwamba, da mota, da fara'a. "Yaya, 'yan tukwane ne guda biyu, ka ɗan sa mini a rumfarka, zan leƙa gida." In aka buɗe but, tara ne. Bai wanke su ba, bai duba ƙasan ganye ba, bai bar ko sisin kuɗin wuta ba. Kafin sati uku farin ƙuda ya tashi daga tukwanensa ya mamaye rumfar, jan gizo-gizon nan mai kamar ƙura ya saƙa wa lemuna zare. Ina tsaye cikin duhun ƙarfe huɗu, yatsuna sun ƙage, ina goge ganye ɗaya-ɗaya da ruwan sabulu, sai ga saƙon murya daga Kano: wai ya nake, su ma can hunturun bana ya yi tsanani, har sai da ya sa hula. Lemun tsamin da na raina tun yana ƙwallo, shekara shida, a wannan hunturun ya tafi. Nasa kuwa, da yake mugun iri ba ya mutuwa, takwas suka rayu.

A watan Afrilu ya dawo ya yi ƙiba, ya ƙirga tukwane a gabana, ya ce, "Yaya, ai kamar tara na kawo." Ko ƙullin yaji bai riƙo mini ba. Da watan Agusta kuma na ji shi da kunnena yana gaya wa wani sabon zuwa cewa shi shuwakarsa ba ta taɓa mutuwa, sirrin kawai mutum ya iya kula. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Na san yana karanta wannan shafi, don shi ya fara tambayata yaushe zai fito. To ƙanena, bana na sa wa rumfar kwaɗo, makullin kuma yana hannun uwargida. In ka isa, je ka tambaye ta.