Jinjina ga falwayar ƙarfe

Sannu da aiki, falwayar ƙarfe, gagara gara! Ta katako da kika gada raguwa ce. Tsuntsu ya sauka a kanta, ya huta, ya tashi lafiya lau, don busasshen itace bai cika kai wuta ƙasa ba. Ke kam ba ki san wannan sakaci ba. Mikiya ta dafe hannunki da ƙafafu, ta buɗe fiffike ta shafi waya, nan take wuta ta ratsa ta, ta bi jikinki ta shige ƙasa. Wane maharbi ne ya kai ki saiti?

Ga karamci. A filin da babu itace ko ɗaya, ke ce mai masaukin baƙi. Kuma kin san girma, ba ki cika kula ƙananan tsuntsaye ba, sai manya masu dogon fiffike: ungulu, shaho, shamuwa.

Danginki na kusa da Port Sudan sun kafa tarihi. Layi ne mai tsawon kilomita 31 da aka ja a shekarun 1950. Ungulun Masar takan keto hamada a gajiye lokacin ƙaura, ta ga wurin hutawa, ta sauka. Masu bincike sun tsinci gawarwakinta a gindin turakun a farkon shekarun 1980, aka koma a 2010 aka tarar aiki na nan daram. Tsuntsuwar da sai ta kai shekara biyar kafin ta fara ƙwai, shi ma biyu kacal a shekara, ku kuka gama da ita cikin ƙiftawar ido. Sai a 2014 aka kashe layin, aka ja sabo mai rufi. A Mongoliya ma, turakun siminti masu ƙarfe a ciki sun yi ta lashe dubban shaho duk shekara.

Madalla da ke, kin hutar da ungulu cin mushe. Yanzu sai ya ruɓe a bakin gari, karnuka da ƙudaje su gaji aikin. Wani lokaci har kyauta kike ƙarawa: tsuntsu ya faɗo yana ci da wuta, busasshiyar ciyawa ta kama, makiyaya ta ƙone, gari ya kwana a duhu.

Ku masu kafa falwaya, maganin ba ɓoyayye ba ne. Ku sa wa waya rufin roba a daidai kan turke, ko ku rataye ta ƙarƙashin hannun ƙarfen, nesa da inda tsuntsu ke tsayawa. Ku yi haka tun ranar da kuke jan layi.