Ranar da Na Yi VAR a Kan Amalanken Jaki

A ƙauyukanmu na gaɓar Nilu, daga Mai Wurno har ka gangara Wad Madani, ana iya sasanta rikicin ruwan hawasha, wato gonar ban-ruwa, a zama ɗaya, amma musun ƙwallo ta shiga ko ba ta shiga ba sai ya kai wata sallar. Rabin gari magoya bayan ƙungiyar Hilal ne, rabi na Marikh, kowa kuma alƙalin wasa ne a bakinsa.

Ni bakina ne ya ja mini. A daren 31 ga Mayu 2019, cikin azumi, muna gaban talabijin ana wasan ƙarshe na zakarun Afirka tsakanin Esperance da Wydad a Tunusiya. Wydad suka ci, aka ce satar gida ce. Suka ce a duba VAR, ashe na'urar ba ta aiki. Aka yi ta tsayuwa fiye da awa ɗaya, alƙali Bakary Gassama ɗan Gambiya ya rasa ta cewa, ƙarshe aka tashi wasa aka miƙa wa Esperance kofi. Na ajiye finjalin gahawa na ce, da wayar aljihuna ce a wurin da tuni an wuce maganar.

Matasa ba su manta ba. Da lokacin tsintar auduga ya zo aka haɗa wasa da ƙauyen maƙwabta, sai ga kyaftin ɗinmu a ƙofar gida: "Ustaz, kai ne VAR."

Na karɓa hannu bibbiyu, har da lacca. Na shaida musu cewa VAR ba ta sa baki sai a abu huɗu: cin ƙwallo, fenariti, jan kati kai tsaye, da ba wani kati a madadin wani. Na ce a gasar duniya ta 2018 a Rasha kyamara 33 aka kafa, mutum huɗu na zaune a ɗaki a Mosko suna kallo. Wani yaro ya tambayi inda nawa ɗakin yake. Na nuna amalanken mai sayar da kankana, domin daga sama an fi gani.

Filinmu dai sai a hankali. Ragar babu raga: sanduna biyu ne aka kafa, aka ɗaura igiya a sama, igiyar ma ta yi ciki kamar ta shanya. Mai tsaron gidan baƙi kuwa ƙanen matata ne, mahaifinsu, surukina, yana zaune a kan gadon angareb da aka ɗauko masa musamman.

Ana dab da tashi, ɗanmu ya ɗirka wata ƙwallo daga nesa. Ta bi ta wajen igiyar ta faɗa gonar dawa. Mutanenmu suka ce ta ƙasa ta bi, baƙi suka ce ta sama. Alƙali ya busa usur, ya zana akwati a iska kamar yadda na koya masa, ya nufo ni. Jama'a suka biyo shi duu, har da surukina yana dogara sanda.

Na karkaɗe jallabiya, domin a lokacin ina ƙasa ne ba a kan amalanke ba. Ihun da aka yi ya firgita jakin, ya fizga, na sauko ba shiri. Duk da haka na ce a ba ni wuri, na ɗaga wayar da nake ɗaukar wasan da ita, na ƙure murya, na danna.

Ga ɗan wasa ya ɗaga ƙafa. Ga sararin sama. Ga kunnuwan jaki, tar da su, ka ce don su aka ɗauki hoton. Ga kankana tana mirginawa. Hoto dai bai kama ƙwallo ba, amma murya ta fito ras, kuma muryar VAR ce da kanta, mai rantsuwar ba ya goyon kowa: "Buga masa! Ragon banza ne, duk gidansu ba mai iya kama ko kaza!"

Wayar kuma, da yake ba ta san kunya ba, ta sake maimaitawa tun daga farko. Yatsana na rawa na kasa samun inda ake kashewa.

Surukina ya gyara rawani, ya dubi ɗansa ya ce, "Kai, tsakaninka da Allah, ta ina ta bi?" Yaron ya sunkuyar da kai ya ce ta ƙasan igiya. Alƙali ya nuna tsakiyar fili, mutanenmu suka ɓarke da murna. Sannan dattijon ya juyo gare ni a hankali.

"Malam, kajin gidanmu dai suna nan a sake. Gobe in Allah ya kai mu ka zo ka nuna mana yadda ake kamawa."

Mai kankana bai jira gobe ba. A nan take ya ƙirga waɗanda suka fashe, ya miƙo mini hannu, ya ce wannan kam ba sai an duba waya ba.